RUMBUN ILMI DA BARORIN NA'URA: WA ZAI ƊAUKI AMANA?

A wannan fitowa muna so ne mu tattauna a kan wata tambaya da ta taso a wani zama da muka yi da wasu marubuta a garin Gumel, wata ranar Asabar bayan sallar La'asar. Mun tashi daga zaman ba mu warware ta ba, kuma har yanzu ba ta bar mu mun huta ba.

Wani matashi daga cikinmu, wanda Allah Ya hore wa sanin kwamfuta, shi ne ya kawo shawara. Ya ce abubuwan da muka tara sun fi ƙarfinmu. Ga rubuce-rubucen 'yan uwa da ba a buga ba, ga hirarrakin da aka ɗauka da dattawa a waya, ga hotunan tsofaffin takardun ajami, ga waƙoƙin da aka kwafo daga kaset-kaset, ga kuma tatsuniyoyi da labaran da ɗalibai suka rubuto daga bakin kakanninsu na Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Duk suna nan barbaje a wayoyi da akwatuna, kullum ƙaruwa suke yi, kuma idan ana neman abu ɗaya sai a kwana uku ba a same shi ba. Ya ce maganin abin shi ne a haɗa su wuri guda, a ɗauko na'ura mai ƙirƙirarriyar basira a raba mata muƙamai, wannan ya karɓa, wannan ya rubuta, wannan ya jera, wannan ya duba, kamar dai yadda ake raba aiki a ofis.

Kowa ya yaba, sai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, da ya yi shiru tun farko. Ya gyara zama ya ce, "Ɗana, na ji rabon aiki, kuma ya yi kyau. To, ranar da aka wayi gari rumbun nan naka ya ce kakan wani bawa ne, alhali kuwa ba bawa ba ne, har aka fasa auren jikarsa saboda haka, wa za mu kama?"

Matashin ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ai shi ya sa na ce a sa mai dubawa a cikinsu."

Dattijon ya ce, "Madalla. Shi mai dubawar, ɗan gidan wa ne a garin nan?"

Aka yi dariya, amma mu dariyar ba ta kai mana ciki ba. Domin kuwa tambayar dattijon ita ce gundarin maganar: ana iya raba aiki, to shin ana iya raba amana?

MENE NE WAƊANNAN BARORI?

Kafin mu yi nisa, ya kyautu mu yi wa mai karatu bayanin abin da ake magana a kai. Tun daga watan Nuwamba na shekarar 2022, lokacin da aka fito da manhajar ChatGPT, duniya ta cika da ire-iren waɗannan na'urori da mutum zai rubuta musu tambaya su ba shi amsa kamar da mutum yake zance. Yadda suke aiki shi ne, an ɗura musu rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har suka laƙanci wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo wata. Saboda haka idan na'urar tana ba ka amsa, ƙirga kalmomi take yi tana jera waɗanda suka fi kama da amsar da ta dace. Sau da yawa takan dace da gaskiya. Wani lokaci kuma takan shirya zance mai daɗin ji wanda babu shi ko alama, kuma da murya ɗaya take faɗar gaskiyar da ƙaryar, ba ta ƙifta ido.

Masu harkar sun lura cewa idan aka jibga wa na'ura ɗaya dukkan ayyuka a lokaci guda takan rikice, dama Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Sai suka ɓullo da dabarar raba aikin. Za a rubuta wa kowane bara takardar aikinsa, a faɗa masa abin da zai yi da abin da ba ruwansa da shi. Alal misali, a rumbu irin namu za a iya samun mai karɓa, wanda zai rubuta wa ya kawo abu, yaushe, kuma daga ina. Sai magatakarda, wanda zai mayar da murya rubutu ko ya juya ajami zuwa boko. Sai mai jeri, wanda zai sa kowane abu a gurbinsa, waƙa wajen waƙa, tarihi wajen tarihi. Sai mai taƙaitawa, sai mai nemowa wanda zai amsa wa baƙo tambaya, daga ƙarshe kuma mai dubawa wanda zai bi sawun sauran.

Ba za mu ɓoye ba, tsarin ya ba mu sha'awa. Mu da muka shafe shekaru muna koyarwa mun san zafin rasa takarda. A wata makaranta da muka taɓa aiki, gara ta cinye littafin rajistar ɗalibai na shekaru da dama a cikin kabad. Muna zaune wani tsohon ɗalibi ya zo neman shaidar ya yi makarantar, domin ya sami aiki an ce ya kawo. Mun san shi, mun koyar da shi, amma shafin da sunansa yake ya zama ƙasa. Duk wanda ya ga idon yaron nan a ranar ba zai raina duk wata dabara da za ta tsare rubutu ba.

RABON AIKI BA BAƘONMU BA NE

Abin da ya kamata mu fara tunawa shi ne, wannan dabara ta raba muƙamai mun gaje ta tun kaka da kakanni. A fada akwai Waziri, akwai Magatakarda, akwai Ma'aji, akwai Alƙali, kowa da iyakarsa, kuma mai riƙe da kuɗi daban, mai rubuta lissafinsu daban. A tsangaya, idan alaramma ya rubuta Alƙur'ani da ka, yakan rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, a bi da wasali da ja, a ɗiga hamza da rawaya, sannan a ɗauki rubutun a kai wa wasu alarammomi su duba shi shafi-shafi. Kome gwanintar mai rubutu ba a yarda ya zama shi kaɗai ne mai duba kansa ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne kasuwar Maigatari. Duk ranar Alhamis dabbobi kan shigo daga Nijar da sauran wurare, fatake su zo daga kudancin ƙasar nan, miliyoyin nairori su sauya hannu tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Akwai mai masauki da ke saukar da baƙo, akwai dillali da ke haɗa ciniki, akwai masu kora, akwai masu lodi, akwai shugabannin kasuwa masu raba gardama. Me ya sa mutumin da ya fito daga nesa zai ƙirga kuɗinsa ya miƙa a kan saniyar da bai san asalinta ba? Saboda dillali ne. La'adar da dillali ke karɓa kuɗin tsayuwa ne. Idan bayan mako biyu aka zo aka ce saniyar nan ta sata ce, shi za a nema, an san gidansa, an san iyalinsa, kuma ya san idan ya ci amana sau ɗaya ya gama cin abinci a kasuwar.

A nan ne muka ga inda tsarin matashin nan ya yi kama da na gargajiya, da kuma inda suka raba hanya. A fada da tsangaya da kasuwa, kowane muƙami yana da fuska. Mai riƙe da shi yana da suna da zai ɓaci, yana da kunyar da zai ji, yana tsoron hukuncin duniya da hisabin lahira. Baran na'ura kuwa yana da aiki amma ba shi da abin da zai yi asara. Ba a kai shi gaban alƙali, ba a tsige shi ya ji ciwo, ba ya sunkuyar da kai idan ya gamu da wanda ya ɓata wa suna. Idan muka kira shi "mai dubawa" ko "magatakarda", aron suna muka yi masa, kuma hatsarin aron shi ne zuciyarmu za ta natsu da shi kamar yadda take natsuwa da mai muƙamin na gaske.

SHAIDU 'YAN UWA ƊAYA

Matsala ta farko da muke hange ita ce wadda dattijo ya taɓo. Galibi waɗannan barori, kome yawansu, na'ura ɗaya ce aka sauya wa riga. Wadda ta rubuta ita ce ta jera, ita ce kuma ta duba. Abin da ya shige wa magatakarda duhu zai shige wa mai dubawa duhu, domin nono ɗaya suka sha. Idan magatakarda ya ji dattijuwa ta ce "ƙaura" ya rubuta "kaura", ko ya ɗauki sunan wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar ya mayar da shi sunan wani gari da ya fi shahara, babu tabbacin mai dubawa zai tsaya, domin shi ma sunan da ya fi shahara ya sani.

An ga haka a fili a ƙasar Amurka a shekarar 2023. Wasu lauyoyi a birnin New York sun miƙa wa kotu wata takarda a shari'ar wani fasinja da kamfanin jiragen sama na Avianca, suka kafa hujja da wasu tsofaffin shari'o'i guda 6 da ChatGPT ta ba su. Da aka bincika sai aka tarar babu shari'o'in, na'urar ce ta ƙaga su da sunaye da lambobi. Abin lura a nan shi ne, lauyan da ya yi binciken ya tambayi na'urar ko shari'o'in na gaske ne, ta ce masa na gaske ne. Wato ya sa mai rubutu ya duba kansa. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000, kuma lauyoyin ya ci tarar, bai ci na'urar ba. Wannan hukunci ya amsa rabin tambayar dattijonmu: wanda ya sa hannu shi ake kamawa.

Magabata sun san wannan tun da daɗewa. Lokacin da aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabitu aikin tattara Alƙur'ani a zamanin Halifa Abubakar, an ruwaito cewa ba ya karɓar rubutu sai da shaidu biyu, duk da cewa shi kansa mahaddaci ne. Malaman hadisi kuma suka kafa ilmin isnadi, wato a san wane ne ya ji daga wane har zuwa tushe. Amfanin shaida ta biyu shi ne ta zo ta wata hanya daban. Shaidu goma da suka kwana ɗaki ɗaya suka haɗa baki, shaida ɗaya ce. Saboda haka muna ganin duk rumbun da za a gina, ko da an sa na'ura ta yi duban farko, duban ƙarshe na mutum ne, mutumin da zai buɗe asalin takardar da idonsa ko ya saurari asalin muryar da kunnensa. Gani ya kori ji.

IRI DA TUWO

Matsala ta biyu ta shafi mai taƙaitawa, kuma ita ce ta fi ba mu tsoro domin ba ta da ƙara. Manomin gero a ƙasarmu ya san abin da ke cikin rumbunsa kashi biyu ne. Akwai na ci, akwai iri. Kome tsananin bazara ba a taɓa iri, domin wanda ya daka irinsa ya ƙoshi yau, ya kashe baɗi. A rumbun ilmi, asalin muryar dattijo da asalin hoton takarda su ne iri. Taƙaitawa da fassara da jeri duk tuwo ne, a ci yau, gobe a tuƙa wani. To amma tuwo ya fi sauƙin haɗiya. Wa zai zauna ya saurari hirar awa biyu alhali ga taƙaitawarta a layi goma? A hankali sai a daina komawa ga asali, sai wata rana wuri ya yi ƙaranci a ce a goge manyan fayiloli tunda ga taƙaitawa. Ranar nan an daka iri.

Mu ɗauki tarihin masarautarmu a matsayin misali. Littattafan tarihi sun nuna cewa Mangawa ne suka kafa masarautar Gumel wajen shekarar 1750, ta kasance tana bin Barno, ba ta shiga ƙarƙashin Daular Usmaniyya ba, kuma an taso da hedikwatarta daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, zuwa inda take a yau. Ta gwabza da Haɗeja da Kano da Damagaram, har zuwa shigowar Turawa a 1903. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa ta Gumel a 1851, ya sake biyowa a ƙarshen 1854, ya kuma rubuta abin da ya gani. Takardun zamanin En'e kuwa sun warwatse, domin Gumel ta zauna a Lardin Kano, sannan Jihar Kano daga 1967, sannan Jihar Jigawa daga 1991. Mai bincike sai ya leƙa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ya leƙa Arewa House, ya leƙa Gidan Ɗan Hausa a Kano. Can ƙetaren iyaka kuma akwai abin da Faransawa suka rubuta a kan Damagaram da harshensu.

Yanzu a ce an zuba duk waɗannan a rumbu ɗaya, tare da abin da makaɗan fada suka riƙe da abin da tsofaffi suka faɗa, sannan wani yaro ya tambayi mai nemowa yadda wani yaƙi tsakanin Gumel da Damagaram ya kasance. Mutanen Damagaram suna da yadda suke ba da labarin, mu ma muna da namu, Bature kuma yana da nasa. Ɗabi'ar na'ura ita ce ta haɗa su ta dama, ta fito da amsa guda mai santsi. Kuma da yake abin da aka rubuta da Turanci da Faransanci ya fi yawa a cikin abin da aka ɗura mata, muryar da aka buga a littafi za ta danne muryar tsohuwar da aka ɗauka a waya a zaure. Saɓanin ruwayoyi shi kansa ilmi ne. Wanda ya share saɓani don ya sauƙaƙa wa mai karatu ya yi masa ƙwange bai sani ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ce ta masana tarihi kawai. Mutanen Gagarawa ba su manta da taƙaddamar da aka yi ba a shekarun 2016 da 2017 a kan gonakin da gwamnati ta ware domin noman rake. A irin wannan rana, wa ya gaji wace gona, ina iyakarta, wa ya shaida, su ne ke raba talaka da abincinsa ko su bar masa. Idan har wata rana irin waɗannan bayanai suka koma rumbun na'ura, kalma ɗaya da mai taƙaitawa ya ga ba ta da muhimmanci ya yar, tana iya zama gonar marayu.

WA KE RIƘE DA MABUƊI?

Matsala ta uku ita ce ta sirri da iko. Dattijuwar da ta ba jikanta labarin yadda aka yi aurenta na fari, jikanta ta ba, ba duniya ta ba ba. Malamin da ya bari aka ɗauki hoton kundinsa ya yi haka ne domin ya yarda da wanda ya zo. Da zarar an ɗora waɗannan a kan na'urar da uwar garkenta take wata ƙasa, mun fitar da ajiyar mutane daga hannunmu zuwa hannun da ba su sani ba. Saboda haka tun a bakin ƙofa akwai hukuncin da mai karɓa na na'ura ba zai iya yankewa ba, wato shin wannan abu ya halatta ya shiga? An nemi izinin mai shi? Akwai sunan da ya kamata a sakaya?

Haka kuma bai kamata kowane bara ya riƙe kowane mabuɗi ba. A gidan Bahaushe yara kan ɗebo tsaba idan an aike su, amma buɗe rumbu da rufe shi na maigida ne. Mai nemowa ya karanta kawai, kada a ba shi ikon gyarawa. Magatakarda ya rubuta nasa a gefe, kada ya taɓa asali. Ikon gogewa kuwa kada a ba kowace na'ura, domin mantuwa hukunci ce, kuma hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Sannan mu tuna rumbu kowane iri ne yana iya cin wuta. A watan Janairu na 2013 'yan bindiga sun ƙona dubban littattafai a Cibiyar Ahmad Baba da ke Tambutu. Abin da ya tsira, mutane ne suka tsirar da shi, irin su Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa, waɗanda suka yi ta fitar da littattafai a akwatuna ta mota da jirgin ruwa zuwa Bamako, suna sayar da ransu. A watan Oktoba na 2023 kuma ɓarayin intanet sun kutsa cikin kwamfutocin babban ɗakin karatu na ƙasar Ingila, suka durƙusar da ayyukansa na tsawon watanni. Wuta ta ci na takarda, ɓarayi sun shiga na kwamfuta, kuma a duka biyun mutane masu jin nauyin abin ne suka tashi tsaye.

HUJJAR ƊAYA ƁANGAREN

Adalci ne mu saurari matashin nan, domin yana da hujja mai ƙarfi. Zai ce mana, su mutanen da kuke yabo ba su ne suka bar gara ta ci rajista ba? Ba mutum ne ke ɓoye littafi don hassada har ya mutu magada su sayar wa mai ƙosai ba? Ba marubucin fada ne ke ƙara wa ubangidansa nasara ya rage wa abokin gaba ba? Bugu da ƙari, mu nawa ne? Kowannenmu yana da aikin da yake ci da iyali. Hirar awa ɗaya takan ci yini guda wajen mayar da ita rubutu. Dattawan kuma ba jiranmu suke yi ba, kowace damina sai mun binne wasu da abin da ke kansu. Idan muka tsaya jiran tsarin da ba shi da aibi, za mu wayi gari babu abin adanawa.

Wannan gaskiya ce, kuma saboda ita ne ba mu ce a guji na'ura ba. Wanda ya ƙi hawa mota don tana haɗari zai kwana a hanya. Amsarmu ita ce, kuskuren mutum yana da mai shi, ana iya zuwa a same shi a yi masa gyara, ya ji kunya ya kiyaye gaba. Kuma kuskuren mutum ɗaya a littafi ɗaya yake tsayawa. Kuskuren na'ura kuwa cikin dare ɗaya zai bi takardu dubu, ya shiga taƙaitawa, daga taƙaitawa ya shiga amsa, daga amsa ya shiga littafin wani marubuci, daga nan a sake ɗura wa wata na'urar shi a matsayin hujja. Magana zarar bunu ce, balle wadda inji ya zara.

Akwai kuma wani abu da mu malaman makaranta ba za mu iya kau da kai daga gare shi ba. Aikin wahala shi ne makaranta. Almajiri da wanke allo da satu yake zama alaramma. Yaron da ya zauna ya saurari kakarsa sau biyar yana rubuta maganarta, ya koyi Hausar da babu ita a aji, ya san inda ake jan numfashi a labari, kuma daga irinsu ne ake samun marubuta. Idan muka miƙa wa na'ura dukkan ƙananan ayyuka muka ce mu za mu riƙe duban ƙarshe, to nan da shekara ashirin wa zai iya duban? Mai duba ajami sai wanda ya taɓa shan wahalar karanta ajami. Don haka ko da na'ura za ta iya yin aikin duka, wajibi ne mu rage wa yaranmu wani kaso su yi da hannunsu.

KAMMALAWA

A taƙaice, ga inda muka tsaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka a raba aiki, a ba na'ura ɗauka da jeri da nemowa da rubutun farko. Amma kowane muƙami da aka ba na'ura a rubuta sunan mutum ɗaya a kansa, ɗan ƙungiya sananne, wanda zai amsa idan abu ya ɓaci. Kada a ce kwamiti, domin abin da aka ce na kowa ne ba na kowa ba ne. Kowace amsa da mai nemowa zai bayar ta zo da isnadinta, wato ga takardar, ga shafin, ga wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Inda ruwayoyi suka saɓa a kawo su duka. Inda babu bayani a rumbu, a horar da shi ya ce babu, domin faɗin "ban sani ba" ado ne ga malami, kuma mun fi bukatarsa daga na'ura. Duk abin da na'ura ta rubuta a yi masa alama har sai mutum ya duba ya sa hannu. Asali kuma a ajiye shi wuri biyu ko uku, ɗaya a hannunmu a nan gida.

Abubuwa uku kuwa ba na na'ura ba ne ko kusa: abin da zai shiga rumbu, abin da za a fitar wa duniya, da abin da za a goge. Waɗannan hukunci ne a kan mutuncin mutane, rayayyu da matattu, kuma mutunci sai mai mutunci ke riƙe shi.

Muna kira ga 'yan uwa marubuta, musamman masu tasowa, da su gwada wani abu kafin fitowa ta gaba. Kowa ya ɗauki hira guda da wani tsoho na gidansu, ya nemi izininsa, ya rubuta ta da hannunsa, sannan ya ba na'ura ita ma ta rubuta ta kuma taƙaita. Ya ajiye biyun gefe da gefe ya ga abin da ta kama da abin da ta zubar, ya rubuto wa wannan mujalla abin da ya gani. Mu kuma mun yi wa dattijonmu alkawarin cewa a zama na gaba, kafin a kunna kowace na'ura, za mu kawo masa takarda ɗauke da sunayen waɗanda za a kama, kuma sunanmu ne zai zo a farko.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa mu gama lafiya. Wassalam.